Mai Ƙirgar Numfashi

A unguwarmu ta Gadarif kowa ya san munsharin Tukur.
Da bazara, in an fito da gadajen igiya tsakar gida,
maƙwabciya kan leƙo ta kan katanga:
"Ramlatu, injin niƙanki ya tashi."
In yi dariya.
Shekara ashirin da ɗaya ina wannan dariya.

Ƙarar na saba da ita.
Abin da ke zaunar da ni tsakar dare shirun ne.
Ya ja, ya ja, kamar mai ɗebo ruwa a rijiya gaba dubu,
sai igiya ta tsaya cak.
Ƙirji na ɗagawa, iska ba ta wucewa.
In laluba carbi ƙarƙashin matashi:
ɗaya, biyu, goma sha bakwai.
Wani dare na kai arba'in da uku
kafin ya yi firgigit ya fizgo ransa
kamar wanda aka tsamo daga kogin Atbara,
ya juya, ya koma,
bai san an yi ba.

Gari ya waye ya ce kansa an ɗaure da waya.
Baki ƙaf. Gahawa kofi uku, citta har tana yaji,
duk da haka ya yi gyangyaɗi a zaman tahiya,
ya yi a tsakiyar cinikin riɗi,
dillali na faɗin farashi, shi yana wata duniya.
Aka sa masa suna Sarkin Barci,
mutumin da bai taɓa ƙoshi da barci ba.

Hawan jini ya fara yin sallama.
Ciwon sukari ya biyo, ya shimfiɗa tabarma.
Wuyan riga ya daina ɓalluwa.
Kowane ciwo da likitansa, kowane da ƙwayarsa,
na tara su a gwangwanin shayi.
Aka hana gishiri, aka hana dabino,
ba wanda ya ce: yaya darensa?

Sai ranar da ya ɗauki lodi zuwa Bur Sudan.
Gaba da Kassala kaɗan, rana tsaka, hanya fetal,
ido ya rufe.
Ya farka a rami, buhuna sun fashe,
tsuntsaye na walima a kan riɗin mutane.
Allah ya sa da sauran shan ruwa.

A Madani, likitar ba ta kalle shi ba tukuna.
Ni ta kalla.
"Ke ce ke farke. Faɗa mini."
Na zuba mata lissafin carbi kaf.
Ta ce naman maƙogwaro ke faɗowa
kamar rumfar da aka zare wa dirka,
ya toshe ƙofa, jini ya ji yunwar iska,
zuciya ta tashi da gudu cikin duhu
kamar jakin da ake bugu ba a ɗora masa kaya ba,
sau ɗari kafin asuba.
Ta ce jinin nan, da sukarin,
har shanyewar jiki da ke laɓe bayan ƙofa,
a randa ɗaya suke shan ruwa.

Ɗan yayata ya aiko da na'ura daga Jidda,
na cika kuɗin da awarwarona biyu.
Takunkumi a hanci, tiyo kamar na giwa,
jikoki suka yi ta ƙyaƙyata.
Daren farko gidan ya yi tsit.
Ban runtsa ba. Na yi ta kai hannu ƙirjinsa.
Da asuba ya ce: "Ramlatu, na yi mafarki."
Ya faɗe shi kamar wanda ya tsinci kuɗi.

Yanzu yana zaga kasuwar hatsi da ƙafa bayan la'asar,
ya rage cokalin sukari, yana mita.
Sai dai wutar garin nan ba ta da alkawari.
In ta ɗauke, na'ura ta yi shiru,
in tura shi ya kwanta a kan haƙarƙari,
in zauna, in jingina da katanga,
carbi a hannu,
ɗaya,
biyu.